Kwaɗo, Ƙanzo da Takalmin Zinariya: Raddi ga Masu Gardamar Asalin Sindarela

Wata gardama da na tarar a wani gida a Maamobi, cikin birnin Accra wanda iyayenmu fatake ke kira Ankara, ita ce sanadin wannan rubutu. Bayan sallar isha'i wata yarinya 'yar kimanin shekara tara ta zauna a tsakar gida ta zayyano labarin Sindarela da Turanci, tun daga mutuwar uwa har zuwa takalmin gilashi, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ta dasa aya sai wani saurayi mai karatu a jami'a ya ce ai wannan labari namu ne, Turawa ne suka sace shi a zamanin mulkin mallaka, suka shafa masa fenti, suka dawo mana da shi muna saye da kuɗinmu. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya ce sam, duk wata tatsuniyar Hausa da ka ji takalmi da ɗan sarki a cikinta, to wani kuku ne ko masinja ya ji ta a gidan Bature ya kawo ta gida. Suka yi ta ja-in-ja har aka kwashe kwanuka. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya waiwaya ya tambayi tsohuwar da ke zaune a bakin ƙofa tana jan carbi, alhali ita kaɗai ce a gidan ta san irin waɗannan labarai da Hausa. Yarinyar kuwa, da na ce mata "ga ta nan, ga ta nanku", sai ta zuba mini ido tana jiran in ci gaba. Ba ta san amsa ake bayarwa ba.

Saurayin da dattijon duk sun yi kuskure, kuma ko da yake suna ganin gabas da yamma suka fuskanta, kuskuren nasu ɗaya ne: kowannensu ya ɗauka darajar tatsuniya tana ga wanda ya fara faɗin ta. Na ji ɗaliban Hausa da dama suna maimaita ɗaya daga cikin maganganun nan biyu, wasu har a cikin kundin kammala karatu, shi ya sa na ga ya kamata a tanka.

Bari mu fara da saurayin, tun da maganarsa ce ta fi daɗin ji, kuma ita ce ta fi saurin rushewa. Charles Perrault ya buga nasa labarin a Faransa a shekarar 1697, kuma daga gare shi ne kabewar da ta rikiɗe ta zama keken doki, da takalmin gilashi, suka samu shiga. Kafin shi, an buga na Giambattista Basile a birnin Naples na Italiya a 1634, wanda a cikinsa yarinyar da kanta take kashe matar ubanta ta farko da murfin akwati. 'Yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da nasu a Jamus a 1812. A can bishiyar da ke kan kabarin uwa da tsuntsaye ne ke taimakon yarinyar, takalmin na zinariya ne, 'yan'uwanta kuma yanke yatsa da diddige suke yi don ƙafarsu ta shiga. Turawan Ingila ba su ci Kano da Sakkwato ba sai 1903. Wanda aka ce ya yi sata a 1903 kuma aka tarar da kayan a ɗakinsa tun 1634, ai alƙalin ƙauye ma ya sallame shi.

Kuma Turawan ma ba su ne na farko ba. Tun a ƙarni na 9 wani marubucin ƙasar Sin, Duan Chengshi, ya rubuta labarin Ye Xian: marainiya a hannun matar uba, kifin da take ciyarwa wanda aka yanka aka cinye, ƙasusuwansa da suka ba ta tufafi, takalmin zinariya da ya ɓace a wurin biki, da sarkin da ya bi sawunsa. Shi ma bai ce shi ya ƙago ba, ya ce daga bakin wani tsohon baransa mutumin kudu ya ji. Idan aka ƙara komawa baya, Strabo, masanin ƙasa na Girka da ya rayu kimanin shekara 2000 da suka wuce, ya kawo labarin Rhodopis a Masar, wadda gaggafa ta sure takalminta tana wanka, ta yar da shi a cinyar sarki a Memphis, sarki ya sa aka nemo mai shi ya aure ta. A 1893 wata Baturiyar Ingila, Marian Roalfe Cox, ta tattara nau'o'i 345 na wannan labari da danginsa a littafi guda. A kundin rarraba tatsuniyoyin duniya, wanda Antti Aarne ya fara a 1910, Stith Thompson ya faɗaɗa, Hans-Jörg Uther ya sabunta a 2004, lambarsa 510A. Masanan da suka ɗauki shekaru suna neman gano tushen farko na irin waɗannan labarai ta hanyar jera nau'o'insu a kan taswira, yawancin magadansu sun daina, domin tatsuniya ta baka ba ta barin takardar haihuwa. Abin da ake iya sa wa shekara shi ne ranar da wani ya rubuta ta, kuma ranar rubutu daban, ranar haihuwa daban.

Dattijon ya fi wuyar kayarwa, don haka zan daɗe a kansa.

Tamu tatsuniyar tana nan a rubuce. Tana cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, littafi mai juzu'i uku da Frank Edgar ya buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913, wanda akasarinsa rubuce-rubucen ajami ne na malamai, da John Burdon, Razdan na Sakkwato, ya tara ya damƙa masa. Neil Skinner ya fassara tarin zuwa Turanci, juzu'in farko ya fito a 1969. A 1972 William Bascom, masanin tatsuniyoyin Afirka, ya rubuta maƙala a kan wannan tatsuniya ta yarinya da kwaɗo da ɗan sarki, Alan Dundes kuma ya sake buga ta a 1982 a cikin littafinsa na nazarin Sindarela, kusa da na Sin da na Faransa da na Jamus. Wato ɗalibin jami'a a Amurka yana iya karanta ta, yarinyar Maamobi kuwa ba ta taɓa jin ta ba.

Ga yadda take a taƙaice. Mutum yana da mata biyu, bora da mowa, kowacce da 'yarta. Bora ta mutu, 'yarta ta koma ɗakin mowa. Ita ce itace a daji, ita ce dakan fura, ita ce tuƙin tuwo, amma abin da ake ba ta sai ƙanzo da tsaki. Sai ta riƙa kwasar su tana kai wa bakin kududdufi tana zuba wa kwaɗi. Da salla ta zo, wani kwaɗo ya ce yau rana ce ta ramuwa. Aka haɗiye ta aka amayo ta, aka amayo mata tufafi da kayan ado da takalma, ƙafa ɗaya na azurfa, ɗaya na zinariya. Kwaɗon ne ya umarce ta da ta bar na zinariyar a dandali idan an kusa watsewa. Ɗan sarki ya gan ta, aka tsinci takalmi, aka tara 'yanmata, ya zauna a ƙafarta, aka ɗaura aure. Kwaɗi suka yi mata kayan ɗaki. Daga nan matar uba ta aika tata 'yar ta maye gurbin amarya, ta je ta kasa zama da mutanen gidan, asiri ya tonu, ta gamu da mummunan ƙarshe. Da aka tambayi amarya abin da take so, sai ta roƙi a haƙa rijiya a gidan a kwaso kwaɗin a zuba.

To, mai karatu ya ɗora wannan a kan na Perrault, wanda shi ne zai fi yiwuwa a ce wani kuku ya ji a gidan Bature. Ina kabewa? Ina ƙarfe goma sha biyu na dare? Ina gilashi? Mai kwaikwayo abin da ya fi ƙyalli yake fara ɗauka, kuma waɗannan ukun su ne ƙyallin labarin Faransa, amma babu ko ɗaya a namu. Abin da ke akwai shi ne dabbar ruwa da marainiya ta ciyar daga ɗan abin da aka ba ta, sannan dabbar ta rama mata, wanda ya fi kusa da kifin Ye Xian nesa ba kusa ba. Ba ina nufin daga Sin ta zo mana ba, kada wani ya ɗauki wannan ya kafa sabuwar gardama. Abin da nake nunawa shi ne zancen kuku da masinja bai da madafa a cikin matanin kansa.

Akwai abubuwa uku a tamu da ya kamata ɗalibi ya tsaya a kansu, kuma ba su kai ɗaya wajen nauyi ba. Mafi ƙanƙanta shi ne takalmin: a Faransa faɗuwa ya yi cikin gaggawa, a nan kuwa da gangan aka ajiye shi, dabara ce, tarko ne aka ɗana wa ɗan sarki. Na biyu shi ne tushen zaluncin. A labarin Turawa uba ya sake aure bayan mutuwar matarsa, baƙuwa ta shigo da 'ya'yanta. A namu matan biyu sun zauna tare, kuma uban da kansa ne ya ƙi ɗaya ya so ɗaya tun uwar tana raye. Laifin ya fara daga maigida kafin ya isa ga kishiya. Duk wanda ya tashi a gidan da ake da bora da mowa ya san wannan ba ƙawa ce ta labari ba, kuma tsohuwar da ke faɗa wa jikoki wannan da dare ta san wanda take yi da shi, ko da yana kwance a turakarsa yana ji.

Na uku shi ne wanda na fi so, shi ne kuma ya fi kashe bakin dattijon. Labarin Perrault da fim ɗin Disney na 1950 suna ƙarewa da aure, kamar dai daga nan babu sauran magana. Bahaushiyar da ta tsara tamu ta san cewa daga nan ne magana ke farawa. Marainiya ta samu miji, to wa zai yi mata gado da tabarmi da kwanuka? Amaryar da aka kai ɗaki babu jere, gorin da za ta sha a wurin kishiyoyi ya fi yunwar da ta baro, don haka sai da kwaɗi suka tsaya mata a matsayin dangin uwa. Sannan ga jarrabawa ta biyu, wadda ta fi ta takalmi tsanani: yadda za ta gaisa da matan gida da ƙwaraƙwarai, yadda za ta karɓi wanda ya shigo ɗakinta. Ƙafa kowa da irin wadda Allah ya ba shi, amma iya zama da mutane shi ne abin da ya raba 'yar bora da 'yar mowa, shi ne kuma ya tona asirin ta biyun. Wannan rabin labarin ba a gidan Bature aka samo shi ba, domin babu shi a can.

Zan yarda wa dattijon da abu ɗaya. Yana yiwuwa zancen gwajin takalmi daga waje ya shigo, ta hanyar ayarin Sahara, ko alhazai, ko littattafan Larabci, kamar yadda abubuwa da yawa suka shigo. In ma haka ne, sai me? Abubakar Imam ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, ya ɗebo daga Alfu Laila wa Laila, ya ɗebo daga Grimm da wasunsu, ya sa musu riga da rawani, kuma har yau babu mai hankalin da ya ce littafin ba na Hausa ba ne. Tatsuniyar ruwan Bagaja, wadda Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa na 1934, tana da 'yan'uwa a Jamus da Faransa, inda yarinyar kirki ke dawowa da arziki, marar kunya ta bi sawunta ta dawo da masifa. Lambarsu 480 a kundin da na ambata. Goro ma ba a Kano yake tsirowa ba, daga kurmi jakuna suka riƙa hauro da shi, amma je ka nemi aure a ƙasar Hausa babu shi ka gani.

Zancen goro ya dawo da mu Gana, inda abin ya fi yi mini ciwo. Mutanen zango suna ɗaukar kansu 'yan karɓa a fagen adabin Hausa, suna jiran Kano ta aiko. Tarihi bai ce haka ba. Fataucin goro ne ya kai Hausawa Salaga, har "Gwanja" ta zama kalmar da kowane Bahaushe ya sani. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 jama'a suka watsu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi da bakin teku. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubucen Hausa da Larabci da masana ke nazari har yau. Kuma ɗaya daga cikin manyan tarin tatsuniyoyin Hausa na farko, wanda R. S. Rattray ya buga a Oxford a 1913 cikin juzu'i biyu, a wannan ƙasa aka rubuta shi. Wani malami mai suna Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami da hannunsa, an kuma buga hoton rubutun nasa shafi da shafi kusa da boko da fassarar Turanci. Akwai na Gizo a ciki, akwai na marayu. Sunan Rattray ne a bangon littafin; Malam Shaihu sai ka shiga gabatarwa kake gamuwa da shi. Da saurayin nan mai neman wanda zai tuhuma da sata ya san wannan, da ya samu ƙarar da ta fi tasa ƙarfi. Amma bai taɓa jin sunan malamin ba, kuma littafin yana nan a intanet kyauta.

Yaron da aka haifa a Nima, unguwar da ta faro a farkon shekarun 1930 lokacin da Malam Amadu Futa ya samu fili daga mutanen Osu, yana tashi da Hausa a bakinsa ko da iyayensa Dagomba ne ko Kotokoli ko Zabarmawa ko Mosi. Da ita yake wasa, da ita yake ciniki a kasuwa, da ita yake jin wa'azi, gidan rediyon gwamnati ma yana karanta labarai da ita. Amma ba ta cikin harsunan Gana da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu irin su Twi da Ga da Ewe da Dagbani. Saboda haka yaron yana karanta Sindarela da Turanci, yana haɗuwa da Ananse a littafin makaranta da talabijin, Gizo da Ƙoƙi kuwa babu mai gabatar masa da su. Mutanen Akan sun yi abin da ya kamata da nasu gizon: Efua Sutherland ta ɗauke shi ta hau da shi dandamalin wasan kwaikwayo, wasanta na auren 'yar Ananse ya fito a 1975, ɗalibai sun yi ta karanta shi don jarrabawa. Ba na jin haushinsu, kunya nake ji. Namu gizon, wanda shi ma makirci da haɗama ne sana'arsa, yana zaune gida ɗaya da Ananse fiye da shekara ɗari, ba mu ko gabatar da su ga juna a takarda don yara ba.

Akwai kuma wani laifi da ke kanmu, mu ɗaliban Hausa na Najeriya da Nijar, wanda ba ma son a faɗa. Idan tsohuwar zango ta buɗe baki, da yawa daga cikinmu gyara muke fara yi mata. Mutanen Gana da dama ba sa bambanta jinsi a magana, sai ka ji an ce "yarinya ya tafi", kuma ƙ da ɗ da ts sukan koma k da d da s. Na ga ɗalibin da ya ɗauki tatsuniya a bakin wata tsohuwa, ya koma ɗaki ya mayar da ita Kananci tsaf kafin ya nuna wa kowa, yana ganin taimako ya yi. Abin da ya yi shi ne ya goge shaidar da ya je nema. Tatsuniyar da duka taurarinta mata ne, a bakin mai faɗar da ba ta raba "ya" da "ta", tambaya ce mai daɗi ga mai nazarin harshe: da me take nuna wa masu sauraro wace yarinya ake nufi, da suna, ko da sauya murya, ko da maimaita "'yar bora" da "'yar mowa"? Sannan me ya faru da kududdufi a unguwar da ruwan da yara suka sani shi ne babban kwalbatin da ya raba Nima da Maamobi? Dandali ya koma me? Ƙanzon tuwo ne har yanzu, ko na shinkafa da wake? Waɗannan canje-canje su ne irin waɗanda Basile da Perrault suka yi, waɗanda ake rubuta kundin digiri a kansu, mu kuwa muna kiran namu kuskure.

Masu buga littattafan yara ma ba su tsira ba. Idan aka ce a samar wa yara abin karantawa da Hausa, abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗauko Sindarela ta Disney a fassara, da kabewarta da komai, a rasa yadda za a kira matar nan mai sandar tsafi, a ƙare da "aljana". Fassara ba laifi ba ce, Imam ma ya yi, amma shi da ya ɗauko sai ya narkar. A ce ana da labarin a Hausa tun 1911, da kwaɗinsa da kayan ɗakinsa, sannan a tsallake shi a je a aro na Faransa ta hannun Amurka, wannan lalaci ne. In an ce ƙarshensa ya yi tsanani ga yara, to a duba na Grimm, inda tun bugu na 1819 tantabaru ke ƙwaƙule idanun 'yan'uwan ranar biki, kuma Jamusawa ba su jefar da littafin ba.

Daren da na bar gidan nan na Maamobi, sai da na durƙusa na gaida tsohuwar, na ce, "Hajiya Kaka, ko kin san ta yarinya da kwaɗo?" Ta ce ba ta san ta da kwaɗo ba, a wurin kakarta kifi ne, kuma takalmi babu shi a ciki sam, zobe ne. Ta ce in dawo da rikoda bayan magariba, don ba a yin tatsuniya da rana. Saurayin yana can ƙofar gida yana duba waya, dattijon ya riga ya tafi.